Wasan gida a zari-ruga: daga ina rinjayen mai masauki yake fitowa?

Duk wanda ya saba bin gasar ƙwallon ƙafa ta Najeriya daga Bauchi ya san lissafin da ake yi kafin a take wasa. In Wikki Tourists ce za ta karɓi baƙi a filin Abubakar Tafawa Ɓalewa, magoya baya sun riga sun ƙirga maki uku tun rafali bai busa usur ba. In kuwa ita ce za ta nufi Aba ko Fatakwal, fatan bai wuce a samo canjaras a dawo lafiya ba. Haka abin yake ga mutanen Gombe United da filinsu na Pantami. Ka tambayi dalili a gidan kallo ko a majalisar yamma, amsa guda za ka ji: rafali ne, ko dai an saye shi, ko an razana shi.

Wannan amsa ta yi sauƙi da yawa, kuma tana hana mu ganin sauran abubuwan da ke aiki. Shi ya sa nake ganin zari-ruga ya fi dacewa a duba maganar a cikinsa. A manyan wasanninsa na ƙasa da ƙasa alƙalin wasa daga wata ƙasa ta uku yake zuwa, akwai makirufo a jikinsa duk duniya na jin abin da yake faɗa, akwai wani alƙalin zaune gaban allon bidiyo yana taya shi, kuma al'adar wasan ita ce kyaftin kaɗai ke yi masa magana, shi ma cikin ladabi. Duk da haka mai gida ya fi cin wasa. Ke nan akwai abin da ya rage bayan an toshe ƙofar cin hanci da barazana, kuma shi ne abin da ya kamata mu gane.

Ga wanda bai saba kallo ba, mutum 15 ne a kowane ɓangare, ana minti 80. Ana gudu da ƙwallon a hannu, ba a miƙa ta gaba sai baya, amma ana iya buga ta gaba da ƙafa. Wanda ya kai ta bayan layin abokan karawa ya dangwala ta a ƙasa ya samu maki 5, bugun da ke biyo baya ta tsakanin dogayen sanduna kuma maki 2. Fanareti a nan daban yake da na ƙwallon ƙafa: ana ba da shi a ko'ina cikin fili, a wurin da aka yi laifin. Wanda aka bai wa yana iya auna sanduna ya ci maki 3, ko ya doka ƙwallon waje can kusa da layin abokan karawa, jifar da ake dawo da ƙwallon cikin fili daga gefe kuma ta zama tasa. A riƙe wannan, domin rabin maganar a nan take.

Hujjar cewa gida yana aiki ba ta da wuyar samu. Niyu Zilan ba ta sha kashi a filin Eden Park na birnin Auckland ba tun 1994, lokacin da Faransa ta doke ta 23 da 20. Wasanni sama da 50 ke nan, mafi yawan 'yan wasan da ke kare wannan tarihi yanzu ma ba a haife su ba lokacin da aka fara shi. A Faransa ƙungiyar Clermont ta ci wasa 77 a jere a filinta tsakanin 2009 da 2014 kafin Castres ta zo ta karya lagonta. Munster ta Ailan ba ta rasa wasan kofin Turai a Thomond Park ba sai a 2007, da Leicester ta ci ta 13 da 6. Hukumar World Rugby kanta, da ta ƙirƙiro jadawalin ƙarfin ƙasashe a 2003, ta shafe shekaru tana ƙara wa mai masauki maki 3 a lissafinta kafin ta auna sakamakon wasa, don kada a yaba wa ƙasa fiye da kima kan nasarar da ta samu a gidanta.

Sai dai dole a yi hattara da irin waɗannan alƙaluma. Niyu Zilan, Clermont da Munster na wancan zamani ƙungiyoyi ne da ke cin wasa ko a ina aka ajiye su. Kuma Niyu Zilan ɗin nan da ba a iya taɓa ta a Auckland, ana taɓa ta a sauran garuruwanta. A 2022 Ailan ta sha kashi 42 da 19 a Eden Park, sannan ta ci a Dunedin da Wellington ta tafi da jerin wasannin. A 2024 Ajantina ta ci 38 da 30 a Wellington, bayan mako guda aka lallasa ta 42 da 10 a Eden Park. A 2025 Afirka ta Kudu ta faɗi 24 da 17 a Eden Park, mako na gaba ta yi wa Niyu Zilan 43 da 10 a Wellington, kashi mafi muni a tarihinta. Ƙasa ɗaya ce, mutanenta ne a kujeru, kusan 'yan wasan nan ne dai. Abin da na fahimta shi ne tarihin fili yana zama ƙarfi na kansa: mai gida ba ya so a ce a hannunsa aka rasa, baƙo kuma yana shiga da sanin cewa manyan da suka riga shi duk sun gwada sun kasa.

Yanzu mu koma ga alƙalin wasa, domin mutanenmu ba su yi kuskure ba da suka nuna shi, dalilin da suke bayarwa ne bai cika ba. Zari-ruga wasa ne da kusan kowane minti akwai laifin da za a iya hurawa. Ɗauki turereniyar nan da ake kira sikiram. Mutum takwas-takwas suna sunkuyawa su sarƙe da juna, uku na gaba su haɗa kafaɗa da uku na gaba, a jefa ƙwallo a tsakiya a yi ta turawa. In ta rushe, wa ya jawo? Wataƙila wannan ne ya sauke kafaɗa, wataƙila wancan ne ya shigo a karkace, ko ƙafar wani ce ta zame a ciyawa mai laima. Alƙali yana tsaye a gefe ɗaya, ba ya ganin abin da ke faruwa a ɗaya gefen, kuma tsofaffin 'yan wasan da suka yi rayuwarsu a cikin turereniyar su ma sukan saɓa a kan wa ke da laifi. Amma dole ya yanke hukunci nan take.

Haka kuma bayan an kayar da mai ƙwallo. Wanda ya kayar da shi sai ya sake shi ya matsa, wanda aka kayar sai ya saki ƙwallon, mai son ƙwace ta sai ya kasance a kan ƙafafunsa kuma ya shigo ta bayan nasa ɓangaren, sauran su tsaya bayan layin satar gida. Duk wannan cikin daƙiƙa biyu ko uku, kuma yana maimaituwa fiye da sau ɗari a wasa guda. Sau da yawa ɓangarorin biyu duk sun yi laifi a tare, aikin alƙali shi ne ya zaɓi wanda ya fara ko wanda ya fi tasiri. To a nan ne mutum dubu saba'in ko tamanin suke shigowa. In baƙo ya kwanta kan ƙwallo, filin gaba ɗaya ya ɗauki ihu, idon alƙali ya kai wurin. In ɗan gida ne ya yi haka, shiru kake ji. Alƙalin bai ci amana ba, bai ma san an ja hankalinsa ba, abin da aka nuna masa ya gani. Kuma abin da ya hura laifi ne na gaskiya. Wanda bai hura ba ne matsalar.

Ga kuma babban allon fili. A wasanni da dama hotunan da ake maimaitawa daga gidan talabijin na ƙasar da ke karɓar baƙi suke fitowa, masu horarwa kuma sun sha kokawa cewa gwiwar hannun baƙo da ta taɓa wuyan ɗan gida ana nuna ta sau uku a hankali har sai jama'a sun tada ƙura alƙali ya tsayar da wasa, ta ɗan gida kuwa ta wuce ba a sake ganinta ba. A wasan da katin gargaɗi ke nufin zaman minti 10 a waje, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ka haɗa lissafin da kanka. Fanareti biyu da suka karkata ga mai gida a inda ƙafa za ta kai, maki 6 ne. Ɗaya da aka doka kusurwa aka tura har bayan layi, maki 5 ko 7. Manyan wasanni kuwa sau da yawa da tazarar da ba ta kai haka ba ake rabuwa. A ƙwallon ƙafa bugun tazara daga tsakiyar fili ba kasafai yake haifar da komai ba. A zari-ruga kusan kowane usur yana da farashi.

Annobar korona ta ba da damar ganin abin da ke faruwa idan aka cire 'yan kallo. Sikotlan ba ta ci Ingila a Twickenham ba tun 1983, sai ga shi a Fabrairun 2021, fili babu kowa, ta ci 11 da 6. A watan Maris ta je Faris ta ci Faransa 27 da 23, karon farko tun 1999. Kafin nan, a ƙarshen 2020, ta ci Wales a gidanta karon farko tun 2002. Ƙofofi uku da suka daɗe a rufe duk sun buɗe cikin wata shida, a filayen da babu mai ihu. Adalci dai shi ne a ƙara da cewa Sikotlan ta wancan lokaci ta yi ƙarfi ƙwarai, kuma ta koma Twickenham a 2023 fili cike da mutane ta sake ci 29 da 23. Amma ina ganin nasarar farko ce ta cire mata tsoron wurin, ita kuma an same ta ne a ranar da kujeru dubu 82 suke wayam.

Akwai kuma abin da ba ruwansa da mutane, wato iska da tsayin ƙasa. Ɗan Bauchi da ya taɓa hawa Jos ya san sauyin da ake ji a jiki, alhali Bauchi tana kan tsayin kusan mita 600 ne daga teku, Jos kuma kusan 1,200. To filin Loftus Versfeld na Pretoria yana kan kusan mita 1,350, Ellis Park na Johannesburg kuma kusan 1,750. Iskar can ba ta da kauri, wanda ya taso daga bakin teku ba ya samun abin da ya saba samu a kowane numfashi. Ba a cika ganin haka a farkon wasa ba. A minti 20 na ƙarshe ne ƙato mai kilo 120 da ya yi ta turawa da kayarwa yake jinkirin tashi daga ƙasa, a bar gurbi a layin tsaro, mai gida ya ratsa. Ƙwallon ma tafiyarta ta fi nisa a can, don haka laifin da aka yi a tsakiyar fili, wanda a Landan ba zai jawo komai ba, a Pretoria maki 3 ne. A 2009 Morné Steyn ya auna sanduna daga sama da mita 50 a Loftus a bugun ƙarshe, Afirka ta Kudu ta ci haɗakar 'yan wasan Birtaniya da Ailan da ake kira Lions 28 da 25. Shi a filin ya girma a matsayin ɗan wasan Bulls, ƙungiyar da ke wasanninta na gida a can, ya san inda ƙafarsa ke kaiwa. Baƙi sukan zaɓi ɗaya cikin biyu: ko su iso da wuri jiki ya saba, ko su zauna a bakin teku sai dab da wasa su hau.

Amma tsayin ma ba laya ba ne. Glasgow ta je Loftus a 2024 ta ci Bulls 21 da 16 a wasan ƙarshe na gasarsu. Ostareliya, wadda ba ta ci a Ellis Park ba tun 1963, an fara yi mata 22 da nema a 2025, ta farfaɗo ta ci 38 da 22, kuma a rabin wasan da aka ce baƙo ne ke gajiya.

Sauran yanayi ma haka. Wellington gari ne na iska mai ƙarfi, mai bugun gida ya san yadda take juyawa a cikin filin. Filin Cardiff yana da rufin da ake buɗewa a rufe, in an rufe shi ƙarar mutum dubu 74 ba ta da wajen fita, har mai jifa daga gefe ya kasa jin lambar da 'yan ɓangarensa ke kira masa don ya san inda zai jefa, shi ya sa aka shafe shekaru ana jayayya da baƙi kan a rufe ko a bar shi buɗe. Tafiya kuwa maganarta a fili take: tsakanin Johannesburg da Auckland akwai bambancin awa 10, wanda ya yi wannan tafiya jikinsa na neman barci a lokacin da ake so ya yi karo. Wanda ya taɓa ganin 'yan wasanmu sun sauko daga bas bayan kwana a hanya ba ya buƙatar ƙarin bayani.

Abin da ya fi wuyar aunawa, kuma nake ganin ya bambanta zari-ruga da yawancin wasanni, shi ne yarda da jin ciwo. Wasa ne na karo. Kowane lokaci sai mutum ya yanke shawarar sa kafaɗarsa a gaban wanda ya taho a guje, ya tashi ya sake, ya sake. Ɗan kokawa a dandalin garinsu, makaɗa na kiran sunan ubansa, iyayensa da sa'o'insa na kallo, ba ya yarda bayansa ya taɓa ƙasa da sauƙin da zai yarda a wani gari. Faransawa sun mai da wannan al'ada. A gasarsu ta Top 14 rashin nasara a gida abin kunya ne ga gari baki ɗaya, rashin nasara a waje kuwa ba a cika ɗaukarsa da zafi ba, har masu horarwa kan hutar da manyan 'yan wasansu a wasu tafiye-tafiyen su tanade su don wasan gida. Ka ga a nan rinjayen gida yana ciyar da kansa: an yarda ba a ci a waje, sai a tura ƙungiya mai rauni, sai a sha kashi, sai maganar ta ƙara tabbata. Ina zargin wani abu mai kama da wannan yana damun ƙungiyoyinmu, domin ƙungiyar da ta bar Bauchi da niyyar tsare gida kawai ta samo maki ɗaya ta riga ta ba da rabin wasan.

Gida kuma yana iya zama kaya. An yi gasar cin kofin duniya sau 10 daga 1987 zuwa 2023, masu masauki sun ɗauka sau uku: Niyu Zilan a 1987 da 2011, Afirka ta Kudu a 1995, ranar da Nelson Mandela ya shigo Ellis Park sanye da riga mai lamba 6 irin ta kyaftin Francois Pienaar. Amma ƙasashen nan biyu su ne suka ci bakwai cikin goman, a gida da waje. Sauran masu masauki fa? Faransa a 2007, kafin wasan buɗe gasa, an karanta wa 'yan wasanta wasiƙar bankwana ta wani matashi ɗan shekara 17 da 'yan Nazi suka kashe a 1941, don a zaburar da su. Suka fito jiki a sanyaye, Ajantina ta ci su 17 da 12. Ingila a 2015 ta faɗi a hannun Wales da Ostareliya a Twickenham, ta fita tun a rukuni. Faransa ta sake karɓar gasar a 2023 da ƙungiyar da ake ganin ta fi kowace da ta taɓa haɗawa, Afirka ta Kudu ta fitar da ita 29 da 28 a gaban jama'arta. Ko Niyu Zilan a 2011, bayan jiran shekara 24, da kyar ta sha 8 da 7, Faransawa kuma har yau suna ƙorafin yadda aka hura wasan. Wadda gida ya ɗaga da gaske ita ce Japan a 2019, da ta ci Ailan 19 da 12 da Sikotlan 28 da 21 ta kai zagayen 'yan takwas karon farko. Ita ba wanda ya ɗora mata alhakin ɗaukar kofi, sai goyon bayan ya zame mata ƙarfi zalla.

Wannan ya kawo ni ga ɓangaren da ya fi ci mini rai. In gida yana da daraja haka, to wa ake bai wa damar yin wasa a gida? A gasar ƙasashe shida ta Turai an raba daidai gwargwado, bana ka karɓi uku ka je biyu, baɗi a juya. Ƙananan ƙasashe ba su da wannan gata. A al'adar wasannin ƙasa da ƙasa mai masauki ne ke riƙe kuɗin ƙofa, don haka manya sun fi son a zo musu, ba sa son zuwa inda fili ƙarami ne. Samoa ta ba zari-rugan Niyu Zilan 'yan wasa masu tushe a can ba adadi, amma sai a 2015 Niyu Zilan ta fara zuwa Apia wasa, kuma da kyar ta ci 25 da 16. Duk lokacin da aka je musu ana ganin bambanci. Fiji ta ci Sikotlan a Suva a 2017, ta sake cin ta a can a 2025. Ƙungiyar Fijian Drua, da ke shan wahala a waje, ta ci ƙungiyar Crusaders ta Niyu Zilan 25 da 24 a zafin Lautoka a 2023. Jojiya ta ci Italiya a Batumi a 2022. Ana auna waɗannan ƙasashe da sakamakon da suka samu galibi a gidajen wasu, sannan a ce ba su kai ba.

Mu a Afirka abin ya fi haka. Gasar nahiyar ta 2022, wadda ita ce hanyar zuwa kofin duniya, a Faransa aka yi ta, a Marseille da Aix-en-Provence, Namibiya ta ci Kenya 36 da nema a wasan ƙarshe nesa da duk wani ɗan kallo na ƙasashen biyu. Da aka dawo da ita Kampala a 2024 da 2025, yaran Yuganda sun ga wasan da idonsu, Zimbabuwe kuma ta ci Namibiya 30 da 28 a 2025 ta samu gurbin kofin duniya na 2027. Najeriya tana da tata ƙungiyar, Black Stallions, amma yaro a Bauchi ko Gombe zai iya girma bai taɓa ganin an kafa dogayen sandunan nan a filin garinsu ba. Ina so hukumar zari-ruga ta ƙasa da ma'aikatun wasanni na jihohin nan biyu su kawo ko da wasa ɗaya na gasar cikin gida filin Tafawa Ɓalewa ko Pantami, a gayyato makarantun sakandare su cika kujerun.